Kwari da Baka: Daga Fagen Daga zuwa Tabarmar Fada

Bayan sallar isha'i a Magariya, idan ka ratsa unguwanni za ka tarar da samari a fada, an shimfiɗa tabarma, butar shayi na kan gawayi. A da hira ce ke cika wurin, ko dara, ko karta. Yanzu rabin 'yan fadar sun sunkuyar da kai, hasken waya ya haske musu fuska, yatsu na ta kai da komo. Yaƙi suke yi.

Wannan yana cikin Free Fire, wancan yana cikin PUBG. Yaron da bai gama firamare ba zai lissafo maka bindigogi goma da sunayensu, ya faɗa maka wadda ke cin nesa, wadda ke ɓarin wuta, da wadda ke cin lokaci wajen ɗuri. Har wani irin baka mai kunama da ke cikin PUBG ya sani, ya san ba ya ƙara, ya san kuma idan ka kuskure harbin farko ka shiga uku.

Ka tambayi yaron nan mece ce tsirkiya, ko me ya raba mashi da asigiri. Shiru za ka ji. Alhali wataƙila a ɗakin kakansa akwai kwari rataye a bango, ƙura ta rufe shi, kibau na ciki sun yi tsatsa. Haka abin yake a Bande, haka yake a Waca da Dungas da Malawa, duk inda caji da layin waya suka kai.

Ba laifin yaron ba ne. An ba shi makaman wasu a cikin wasa mai daɗi, ya riƙe. Namu kuwa ba a taɓa miƙa masa su a irin wannan akushi ba.

Wasan da aka fara a kan tebur

Wannan ɗabi'a ta jera makamai a bai wa kowanne lamba ta girmi wayar hannu. Sojoji da masu sha'awar tarihin yaƙi a Turai sun daɗe suna wasa da gumakan dakaru a kan tebur. A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Shi ne ya sauya salon. Maimakon ka ja runduna, mutum ɗaya kake zama, da suna da asali da sana'a.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya tashi da tatsuniya. Mutum huɗu ko biyar ke zama. Ɗaya shi ne jagora, shi ke ba da labari, shi ke zama bakin sarki da dodo da ɗan fashi. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda. Jagora ya ce kun iso bakin kogi, ga mahaya sun taso muku. Kai kuma ka faɗi abin da za ka yi. Idan harbi ka zaɓa, sai ka jefa wata ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ka samu ko ka kuskure.

A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, an kasa makamai kashi biyu: waɗanda kowa zai iya ɗauka, da waɗanda sai wanda ya koyi yaƙi. An kuma duba irin raunin da kowanne ke yi, ko huda, ko sara, ko duka. Gajeren baka ana auna ɓarnarsa da ƙwaya mai fuska 6, dogon baka da mai fuska 8, babban baka mai kunama da mai fuska 10.

Daga irin waɗannan teburori ne masu tsara wasannin kwamfuta suka ɗebi dabaru da yawa, har abin ya gangaro zuwa wayar da ke hannun yaron Magariya.

Baka mai kunama

Baka mai kunama shi ne makamin da Faransawa ke kira arbalet. Gajeren baka ne mai tauri da aka gicciya a kan itace kamar na bindiga. Ana jan tsirkiyar a maƙale ta, a ɗora gajeriyar kibiya a cikin kwarmi, sai a ɗana a jira. Idan lokaci ya yi a taɓa kunama.

Sinawa sun yi amfani da shi ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. A kusa da kabarin sarkinsu na farko a Xi'an, inda manoma suka gano dakarun yumɓu a 1974, an tono kunamun tagulla masu yawa na irin wannan baka. A Turai kuma ya firgita manya. Taron shugabannin coci da aka yi a Rum a 1139 ya haramta harbin Kirista da shi ko da baka. Haramcin bai hana komai ba, domin bayan shekara 60, a 1199, kibiyarsa ce ta yi ajalin Sarkin Ingila Richard na Ɗaya a Faransa.

Abin da ya sa manya suka tsane shi a fili yake. Dogon baka sai an shekara da shekaru ana ja kafin kafaɗa ta saba. Baka mai kunama kuwa, manomi zai koya cikin 'yan makonni, ya kayar da barden da ya kashe dukiya wajen sulke da doki. Shi ya sa a cikin wasan tebur ɗin ma aka sa ƙaraminsa a sahun makaman kowa da kowa, dogon baka kuma aka bar wa gwanaye.

Aibinsa jinkiri. Masu ƙarfin ciki sai an taka da ƙafa, ko an murɗa wani ƙarfe kamar mai jan guga, kafin tsirkiya ta hau. A yaƙin Crécy na 1346, 'yan bakan Ingila sun yi wa sojojin haya na Genoa masu irin wannan makami ruwan kibau kafin su kimtsa. Dokar wasan ta riƙe wannan: komai gwanintarka, harbi ɗaya za ka yi da shi a kowane yunƙuri, sai fa idan jaruminka ya sami horo na musamman.

Duk Bahaushen da ya san bindigar toka ya riga ya gane zancen. Ba banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba.

Afirka ma ta san baka mai kunama. Yarbawa sun yi shi, haka mutanen Fang na Gabon da kudancin Kamaru, waɗanda ke harbin birai da tsuntsaye da siraran kibau masu dafi. Henry Balfour na gidan tarihin Pitt Rivers da ke Oxford ya yi rubutu a farkon ƙarni na 20 yana ganin daga jiragen ruwan Turawa aka kwaikwayo shi. A ƙasar Hausa bai yi kasuwa ba, kuma a ganina dalilin yana cikin yadda namu bakan ke aiki.

Kibiya ba ta da nauyi, dafi ke aiki

Bakan Hausa bai dogara da ƙarfin huda ba. Kibiyarmu gajeriya ce, marar nauyi, ba a sa mata gashin tsuntsu. Jikinta ƙyauro ne, kanta ƙarfe ne da maƙeri ya fitar wa kunnuwa, yadda idan ta shiga ba ta fita sai an tsaga. Aikin gaske dafi ke yin sa. Ana dafa 'ya'yan kwankwani, wasu su haɗa da tururubi da sauran abubuwan da kowane gidan maharba ke ɓoyewa, har ya yi kauri a shafa. Dafin kwankwani zuciya yake tsayarwa. Ƙwarzane kaɗan ya isa.

Wanda ke da irin wannan kibiya ba ya buƙatar injin da zai huda sulke. Abin da yake so shi ne sauri, ya saki uku ko huɗu kafin doki ya cim masa, kuma sau da yawa dokin yake nema ba mahayin ba. Idan ana son ƙarfin huda kuwa, bindiga ta daɗe da ratso Sahara. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga. Tsakanin baka mai dafi da bindiga, babu gurbin da ya rage wa baka mai kunama.

Idan ka zauna da dattijon da ya san abin, za ka ji jerin makamai da ya fi na littafin wasan Amurka tsari. Akwai mashi na jifa, akwai asigiri wanda ƙarfe ne tun daga kai har gindi. Akwai takobi miƙaƙƙe mai kaifi biyu da ake ratayawa a kafaɗa da hamila, akwai kansakali, akwai bisalami mai lanƙwasa. Gatari daban, barandami daban. Talaka yana da kulki da gora da majajjawa, da wuƙar da ake ɗaurawa a damtse.

Kariya ma hawa-hawa ce. Babbar garkuwa ta fatar warwaji, ƙaramar kunkeli, sulke na zobban ƙarfe, kwalkwali, sai lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wajen farkon ƙarni na 15.

Kowanne kuma da maganinsa. Ɗan lifidi ba ya tsoron kibiya, amma nauyi ya hana shi gudu, idan ya faɗi sai an ɗaga shi, kuma auduga ba ta shiri da wuta. Barde mai sulke ya fi shi sauri amma dokinsa a buɗe yake. Ɗan baka a ƙasa ba shi da kariya, sai dai idan ya sami duhuwa ko tudu ya zama bala'i. A Tabkin Kwatto a 1804, rundunar Shehu Usmanu mai ƙarancin dawaki ta karya mahayan Gobir, kuma 'yan baka ne ƙashin bayanta.

Duk mai tsara wasa abin da yake nema ke nan: kada makami ɗaya ya gagari kowa. Kakanninmu sun gano wannan ma'auni da jininsu.

Tsakanin igwar Damagaram da dawakin Kano

Ƙasar Magariya da Dungas ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Dungas da Waca suna cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki da Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Gidan sarautar Magariya kuma reshe ne na tsohon gidan Daura, wanda jihadi ya tarwatsa zuwa Zango da Baure da nan. Wato yankin ya zauna a tsakiya: Damagaram a arewa, Kano da Daura da Kazaure da Gumel a kudu. Duk rundunar da ta tashi daga ɗaya ɓangaren sai ta taka gonakin nan.

Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya kai harkar makamai inda ba a taɓa kaiwa ba a wannan sashe. Ya kewaye birnin Damagaram da ganuwa, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a gida, maƙeransa kuma suna zuba igwa da hannunsu. Sarki Amadu Kuren Daga ya gaji wannan ƙarfi, ya kai hare-hare ƙasar Kano zamanin Sarki Alu a ƙarshen shekarun 1890.

Sai ga wani makami da babu shi a lissafin kowa. A watan Yulin 1899 sojojin Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini da bindigogi masu saurin ɗuri. Watanni kaɗan kafin nan, a Lugu, mutanen Sarauniya Mangu sun tari waɗannan sojojin Faransa da kwari da baka. Abdoulaye Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a shekarar da ta biyo. Masanin tarihi André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, shi ma bayan littafinsa na tarihin masarautar ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu.

Ashe an riga an gwada, an kuma ga tarihin nan yana da jan hankali idan aka ba shi ƙafafu. Sai dai littattafan da Faransanci aka rubuta su, kuma duka na kallo ne ko na karatu. Yaro ba ya shiga ciki.

Inda bakan ya koma

Yau sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da dama, maharba na fitowa ranar hawan salla da rigunan layu da ƙaho, ana yi musu kiɗa suna kirari. Amma dajin da ya haife su ya tafi. Gundumomin Magariya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum dubu ɗari tara a ƙidayar 2012, kuma suna cikin wuraren da suka fi cunkoso a karkarar Nijar. Gona ta haɗe da gona. Gawo ya dawo da yawa saboda manoma na raya shi, amma barewa da gada ba su dawo tare da shi ba. Abin da ya rage zomo ne da zabo da kurege. Dokar farauta ta 1998 ma ta sa wa abin ƙa'ida da lokaci.

Maƙerin da ubansa ke fitar da kan kibiya, yanzu hauya da lauje da garma yake yi, domin su ake nema ranar kasuwa. Ba wanda zai zarge shi.

Wuri guda da ake yawan jin sunan kibiya a yau shi ne wurin da ba a so. Da kaka, kafin hukuma ta sanar da sakin gonaki, idan garke ya faɗa wa amfanin da ba a kwashe ba, ko aka tarar an nome burtali, rigima kan tashi tsakanin manomi da makiyayi, kuma a Nijar da arewacin Najeriya an sha kai mutane asibiti da raunin kibiya. A birnin Damagaram kuma an san labarin gungun samarin da ake kira fale da addunansu, wanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021 a kan unguwar Kara-Kara.

Abin da ke damuna shi ne wannan: ilmin ya tafi, ɓarnar ta zauna. Sunaye da ƙa'idoji da ladubban maharbi suna bin tsofaffi zuwa kushewa, ƙarfen kuwa yana nan a hannun mai fushi.

Ra'ayi ya rabu

Ba kowa ne zai yi murna da a ce a mai da makami wasa ba. Iyaye da yawa suna ganin yaran sun riga sun ƙoshi da harbe-harbe a waya, ga labarin tashin hankali kullum a rediyo daga Diffa da Tilaberi da iyakar Maraɗi, don haka ƙara musu zancen takobi ƙara wa wuta makamashi ne. Damuwarsu gaskiya ce, ba ta raini ba.

Malamai kuma suna da magana a kan ƙwayar da ake jefawa. Akwai hadisi ingantacce da ya yi hani da wasan nardu, kuma da yawa suna shigar da lido a ciki ko da babu kuɗi. Su ɗin dai za su gaya maka cewa koyon harbi abu ne da sunna ta kwaɗaitar. Mai son kawo irin wannan wasa nan dole ya saurare su. Ba kuwa lallai sai da ƙwaya ba. Ana iya sa jagora ya yanke hukunci da hujja, wanda ya fi kawo dabara shi ya ci, ko a sa tambayar tarihi a madadin jifa.

Su maharba, abin da ke gabansu sirri ne. Haɗin dafi da maganin daji ba a faɗa wa bare, kuma daidai ne a bar su a rufe. Babu mai hankalin da zai so a rubuta wa yara yadda ake dafa kwankwani. Amma sunan makami, da aikinsa, da labarin wanda ya riƙe shi, ba sirri ba ne, dattawan ma daɗi suke ji idan an tambaye su.

Malaman makaranta sun san wata matsalar. Darasin tarihi haddar shekaru ne da sunayen sarakuna, yaro ya rubuta ranar jarrabawa ya manta. Wanda ya taɓa zama ɗan baka a bakin ganuwa na awa biyu, yana lissafin kibau nawa suka rage masa, ba zai manta dalilin da ya sa aka haƙa gwalalo ba.

Ni ina tare da masu cewa a gwada. Bambancin wasan tebur da na waya babba ne. A waya yatsa ke aiki, wanda ya riga harbi shi ya ci. A tebur baki ke aiki, ana shawara, ana jiran juna, kuma sau da yawa wanda ya iya sulhu da sarkin ƙauye ya fi mai takobi amfani ga tawagarsa.

Muna da kayan haɗin

A waje an riga an fara waiwayo Afirka. An buga Nyambe a Amurka a 2002, aka yi Spears of the Dawn bayan kamar shekara goma, sai The Wagadu Chronicles wanda ya aro sunansa daga tsohuwar daular Gana. Duka da Turanci suke, kuma don 'yan wasan can aka yi su.

Mu kuwa shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Damagaram ana wasan kara, inda talaka ke zama gwamna ko minista na yini guda, ya yi shiga irin tasa, ya yi magana irin tasa. Akwai tashe da azumi. Akwai tatsuniya, wadda mai bayarwa ke canza murya daga ta Gizo zuwa ta Ƙoƙi, masu sauraro na amsawa. Yaran da ke hawa karan dawa su ce doki ne, su lanƙwasa reshen geza su ɗaura masa zare, sun riga sun fara wasan tun kafin a ba su doka.

Kuɗin da ake buƙata bai kai na katin waya na mako ba: littafin rubutu ɗaya, alƙalami, tsakuwoyin dara, da mutum guda mai iya ba da labari wanda ya yarda ya je ya durƙusa gaban Sarkin Baka ko Sarkin Maƙera ya ce, Baba, a faɗa mini sunayen abin da ke cikin ɗakin nan.

Daga nan sai ya dawo fada ya zana taswira a ƙasa. Nan Dungas, nan Magariya, nan hanyar Babura. Ya ce shekarar nan zamanin Tanimu ce, ku huɗu fatake ne da jakuna ashirin na kanwa, kuna son ku kai Kano kafin damina. Kai ɗan baka ne, kibiya goma sha biyu ke cikin kwarinka. Kai kana da bindigar toka da albarushin ɗuri uku. Kai barde ne amma dokinka ya gaji. Kai kuma ba ka da komai sai sanda da iya magana. Rana ta yi gora, ga ƙura ta taso daga gabas, ba ku san ko mahayan Kaura ba ne ko 'yan fashi.

Sai ya dubi na farko ya ce, to malam, me za ka yi?